Tsohuwar Beetle: a maido da ita yadda take, ko a sake mata ƙira?

Malam, ka ce ka samu Volkswagen Beetle ƙirar 1965 wadda ta daɗe a ajiye, kana so ka tayar da ita da hannunka a gida, amma ka rasa wanne za ka kama: ka maido da ita kamar yadda ta fito daga kamfani, ko ka sa mata wani injin ka sauya mata fasali. Na farkon na yi shi har ƙarshe, na biyun kuwa na taya wani abokina ne, don haka ga abin da na gani.

Maidowa aiki ne da wasu suka riga suka share maka hanyarsa. An ƙera Beetle sama da miliyan 21 kafin a daina a Meziko a 2003, shi ya sa har gobe ana samun kayanta, sababbi da na hannu, ga littattafan gyara da ke faɗa maka ƙarfin da za ka ɗaure kowane noti. Injinta iska ke sanyaya shi, babu lagireto, babu ruwa, kuma noti huɗu ne suka haɗa shi da giyabos. Mutum ɗaya da jak mai kyau zai iya sauke shi a yini guda. In ka ɓata wani abu, za ka duba littafi ka ga inda ka kauce.

Sabuwar ƙira ba ta da wannan gatan. Kai ne injiniya, kai ne mai walda, kuma duk abin da ka taɓa sai ya jawo wani. Ɗauki abin da aka fi yi, wato sa mata injin Subaru. Siffarsa ta dace da wurin, amma da ruwa yake aiki, to sai ka nemo inda lagireto zai zauna a motar da ba a tanadar masa gurbi ba, ka ja bututu, ka sake wayarin gaba ɗaya saboda lantarkin motarka mai ƙarfin bolt 6 ne (sai a 1967 aka fara komawa 12). Sannan injinta na asali ƙarfin doki 34 ne kacal. Ka ninka wannan sau uku, birkin ganga da ke ƙafafunta huɗu ba zai riƙe ta ba, kuloci ma haka. Ƙafafun bayanta kuma irin waɗanda ke lanƙwashewa ciki ne in an sha kwana da gudu. A nan ne hankalina ya fi tashi, domin mota mai ƙarfin da ya fi birkinta rai take ci.

Ba ina kushe ƙira ba ne. Bruce Meyers ya fito da Meyers Manx, wata motar yawo a rairayi, a Kalifoniya a 1964 da kayan Beetle, kuma motar ta yi suna a duniya. Sai dai shi ya daɗe yana ƙera jiragen ruwa kafin ya taɓa wannan aikin.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu shi ne tsatsa, kuma ita za ta yanke maka hukunci fiye da sha'awarka. Bodin Beetle ɗaure yake da kusoshi a kan faffadan shasi, ana iya ɗaga shi. Amma dogayen bututun da ke ƙarƙashin ƙofofi, waɗanda ke kai iska mai ɗumi gaba, su ne ƙashin bayan bodin, kuma su tsatsa ta fi ci, tare da daɓen da ke ƙarƙashin batir. Kafin ka yanke su, sai ka gicciya ƙarfe a bakin ƙofofin ka yi masa walda, in ba haka ba bodin zai karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ni na yi wannan kuskuren a ɓangare ɗaya, gyaransa ya ci mini makonni. Ƙarfen jikinta bai kai milimita ɗaya ba a wurare da yawa, waldar sanda huda shi take yi. Ka nemi injin walda na MIG, mai aiki da siririyar waya da gas, ka riƙa ɗiga walda nan da can kana barin wurin ya huce, don zafi na murɗe falle. Kuma kada ka cike rami da fila; a yanke ruɓaɓɓen a sa sabon ƙarfe.

To in ka duba ka ga jikinta da sauran lafiya, injin ma nata ne na asali, wallahi zan ji zafi a yanka ta. Irin wannan kullum raguwa suke yi, kuma mai saye ya fi daraja wadda ba a taɓa ba a kan wadda aka ƙera bisa son ran wani. In kuwa ta riga ta ruɓe, injin ma an sauya shi tun tuni, babu asalin da za ka kare, ƙofar ƙira a buɗe take. Sai dai ka tuna lambar shasi na kan doron da ke ƙarƙashin kujerar baya, kuma dokar rajistar motar da aka yanke wa shasi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ka bincika taku kafin ka kunna abin yanka.

Tunda wannan ne aikinka na farko, shawarata ka maido da ita, amma ka yi sauye-sauyen da ba sa buƙatar yanka: birki mai layi biyu don in ɗaya ya fashe ɗayan ya riƙe, sababbin bututun mai, bel na kujera, da komawa bolt 12 in kana son fitila mai haske. Duk abin da ka cire ka adana shi a leda da sunansa, ka ɗauki hoto kafin ka kwance.

Yanzu dai ka ɗaga kujerar baya da shimfiɗar ƙasa, ka bi ƙarƙashin ƙofofin da sukundireba kana dannawa da ƙarfi. Ka turo mana hoton duk inda ya nutse, daga nan sai mu san ta ina za ka fara.