Sharhi a kan kwalin kayan ɓalle robobin babur

Mai babur irin wanda ruwa ke sanyaya injinsa, musamman wanda aka lulluɓe masa jiki da robobi, ya san canjin ruwan lagireto ba wani aiki ba ne. Noti ɗaya za ka kwance a jikin famfon ruwa, tsohon ruwa ya tsiyaye, ka ɗura sabo. Wahalar duk tana wajen isa wurin. Murfin lagireto da tankin ajiyar ruwa suna ɓoye a bayan robar gefe, robar gefe ta kama ta gaba, ta gaba ta kama ta ƙasa, kowacce da irin nata haƙoran da maɓallan. Wannan ya sa na sayi kwalin nan na kayan ɓalle roba, kuma na yi aiki da shi wajen canja ruwa, wanke lagireto da duba fanka, har na ga iyakarsa.

A cikin kwalin akwai 'yan sanduna na roba mai tauri, wasu masu faɗin baki, wasu sirara, ɗaya mai tsagaggen baki. Akwai wani na ƙarfe mai mariƙi, shi ma bakinsa a tsage, da filayar cire maɓallai, da sukundireba, sai jakar maɓallan canji kala-kala. Abin da ya kamata mai babur ya sani tun kafin ya saya shi ne, asalin irin waɗannan kaya don cikin mota ake yin su, don ɓamɓare marfin ƙofa da allon gaban direba. Kusan duk abin da ya burge ni da wanda ya ɓata mini rai daga nan ya samo asali.

Sandunan roban sun yi mini rana, ba na musu. Yawancin robobin jikin babur da filastik ɗin ABS ake yin su, fenti a kai, kuma bakin sukundireba ko ya taɓa su kaɗan sai ya bar tabo. Sandar nan kuwa ta fi fentin laushi, don haka idan abu ya ƙi, ita ce ke cinyewa. Bakin siririyar har ya fara dakushewa a wurina, kuma ban ji haushi ba, domin dama aikinta ke nan.

Inda suka fi amfani shi ne wajen maɓallan nan baƙaƙe da ke riƙe robobin ciki. Dubi ɗaya da kyau: kai ne zagayayye, a tsakiyarsa akwai ɗan tsinke. Za ka danna tsinken ciki kaɗan har ka ji ƙas, ƙafafun maɓallin da ke buɗe a bayan roba su tsuke, sannan ka zura tsagaggen bakin sandar a ƙarƙashin kan, ka ɗago shi gaba ɗaya. Idan ka danna da ƙarfi, tsinken zai wuce ya faɗa cikin babur, ka shiga lalube. Wajen mayarwa kuma sai ka turo tsinken waje ya fito sama da kan, ka saka maɓallin a raminsa, ka danna tsinken ya yi daidai da kai. Akwai wani iri da ake jan tsinkensa sama maimakon dannawa, akwai kuma mai kan sukuru na roba wanda ake murɗawa a hankali ba tare da an danne shi ba. Ga nau'in ja-sama ɗin nan, ban taɓa samun abin da ya kai siririyar sandar ba. Da farce ake fama a da, ko da bakin wuƙa.

To amma a nan zan ja kunnen duk wanda zai saya. Samun abin ɓamɓara a hannu yana sa mutum ya riƙa ganin komai abin ɓamɓara ne, kuma robobin babur ba haka suke ba. Marfin ƙofar mota kai tsaye ake fizgo shi. Robar gefen babur kuwa sau da yawa haƙoranta lanƙwasassu ne, sun shige cikin ramukan maƙwabciyarta, kamar sakata suke, zare su ake yi ta gefe. Wata sai ka tura ta baya, wata gaba, wata sai ka ɗan ɗaga ta sama tukuna. Ka zura sanda a irin wannan mahaɗi ka banƙara, za ka ji ƙaras, haƙori ya tafi, kuma daga ranar robar za ta riƙa kaɗawa tana ƙara duk lokacin da inji ya ɗau wuta. Babu ko takarda ɗaya a kwalin da ta yi wannan gargaɗi, kuma a ganina wannan babban gibi ne ga kayan da ake tallatawa har ga masu babura. Littafin gyaran babur ɗinka shi ne ke nuna jerin wace roba ke fita kafin wace, da kibiyoyin inda ake turawa. Wanda bai da shi, ya haska tocila ta bayan robar ya ga yadda haƙoran suka kwanta kafin ya taɓa komai. Idan ka cire duk abin da ido ke gani amma roba ta ƙi motsi, kusan kullum akwai sukuru ko maɓalli ɗaya da ya ɓuya, ƙarƙashin kujera, cikin bakin iska, ko can ƙasa bayan tayar gaba.

Akwai kuma turakun roba da ke shiga cikin zobban danƙo a jikin firam. Su kam kai tsaye ake jan su, kuma a nan faffaɗar sandar ta taimaka ƙwarai, domin tana ba ka damar tura ƙarfi daidai gindin turken, maimakon ka kama gefen roba ka ja har ta tsage. Kafin mayarwa ina shafa wa zoben ruwan sabulu ko man silikon. Giris na yau da kullum yana kumbura danƙo, a guje shi. Roba mai sanyi da wadda rana ta daɗe tana duka sun fi saurin karyewa, tsohon babur sai da lallashi.

Na ƙarfen da filayar ba su yi mini ba. Bakinsu ya yi kauri ga ƙananan maɓallan babur, kuma ƙarfe ne a kan fenti. Sai na naɗe bakin da salatif kafin na yarda na kusanta shi da jikin babur, daga baya ma na ajiye shi gaba ɗaya. Maɓallan canjin su ne suka fi ba ni takaici. Galibinsu girman na mota ne, ramukan babur kuwa yawanci ba su wuce milimita 6 zuwa 8 ba. 'Yan kaɗan da suka shiga ma filastik ɗinsu busasshe ne, ƙafa ɗaya ta karye tun a sakawar farko. A wurin da ke kusa da zafin lagireto da girgizar inji, ba zan amince da su ba.

Sai sukundireba. Wadda ta zo a kwalin irin ta Phillips ce, kuma ga mai babur ƙirar Japan, Honda ne ko Yamaha, Suzuki ko Kawasaki, wannan matsala ce da mutane da yawa ba su san da ita ba. Sukurorinsu masu kan gicciye galibi a kan ma'aunin JIS na ƙasar Japan aka yi su, sau da yawa ma za ka ga ɗan ɗigo a gefen gicciyen. Bakin Phillips ba ya zama daram a cikinsu, yana hawowa sama idan ka murɗa da ƙarfi, ya gurje kan sukurun. Da yawan kawunan sukurori da ake gani a cinye a jikin babura, ba laifin ƙarfen ba ne. Daban na sayi sukundireba ta JIS, kuma bambancin a hannu ake jin sa: ta shiga ta kama, babu wasa. Ita da alanki (makullin kwance noti mai ramin kusurwa shida a kai) mai milimita 4 da mai 5 su ne suka yi rabin aikin, kuma babu ko ɗayansu a kwalin.

Notocin jikin roba ba tsayinsu ɗaya ba. Wasu suna da ɗan wuya a ƙarƙashin kai don kada su matse filastik, wasu suna shiga cikin danƙo mai noti na tagulla a ciki, wanda ke kumbura ya kama idan an ɗaure. Ina zana siffar robar a jikin kwali, in huda, in soke kowane noti a inda ya fito. Dogon noti a gurbin gajere yana iya kaiwa ga abin da ke baya, kuma a wannan yanki abin da ke baya lagireto ne ko waya. Kada kuma a manta da soket ɗin fitilar sigina, a zare shi kafin a janye robar.

Da robar ta fita ka ga lagireto tsirara, za ka gane dalilin da ya sa aikin ya cancanci wahalarsa. Nawa, ƙasansa daidai inda tayar gaba ke watso ƙasa ya toshe da busasshen laka, ga fukafukan ƙwari a manne tsakanin siraran ganyayyakin alminiyon, wasu ganyayyakin sun kwanta saboda tsakuwa. Daga waje duk ba a ganin wannan. Da ruwa mara ƙarfi na wanke, daga baya zuwa gaba, domin injin feshi mai ƙarfi kwantar da ganyayyakin yake yi. Siririyar sandar nan ma ta sake amfani a inda ban zata ba, da ita na miƙe waɗanda suka lanƙwashe, ɗaya bayan ɗaya. A nan ne kuma za ka matsa kowane tiyo ka ji ko ya yi tauri ko ya yi laushi fiye da kima, ka juya fanka da yatsa bayan ka kashe makulli, ka leƙa ɗan ramin da ke ƙasan famfon ruwa. Idan akwai sawun busasshen ruwa mai launi a bakinsa, sil ɗin famfon, wato abin da ke tare ruwa kada ya fita, ya fara yoyo.

Murfin lagireto ba a buɗe shi sai inji ya huce sarai. A babura da yawa yana riƙe matsin da ya kai kusan 1.1 a ma'aunin matsi da ake kira bar, wanda ke sa ruwan ya haura digiri 120 bai tafasa ba, kuma da ka sassauta shi da zafi, ruwan zai taso maka a fuska. Ruwan da ake zubawa rabi da rabi ne, sinadarin ethylene glycol da tataccen ruwa, kuma ga injin alminiyon a nemi wanda littafin babur ya ce, domin wanda aka sa masa sinadarin silikat yana iya cinye sil ɗin famfo. Yawancin littattafan suna cewa a canja duk shekara 2 ko 3. Tsohon ruwan guba ne kuma yana da zaƙi, saboda haka a tare shi a mazubi mai murfi, nesa da yara da dabbobi. Washar tagulla ta notin tsiyayarwa gara a sa sabuwa.

Kada a yi saurin mayar da robobi. Bayan ɗura ruwa ina tayar da inji a tsaye, in ɗan taɓa totur iskar da ta maƙale ta fito, in ƙara ruwa, in rufe murfi, in bar shi har fanka ta tashi da kanta, abin da kan faru a wajen digiri 100 ko sama kaɗan. Sai ya huce in sake duba ruwan lagireto da na tankin ajiya, in bi kowane mahaɗin tiyo da yatsa. Idan akwai ɗiga, yanzu ne lokacin ganinta, ba bayan an mayar da maɓalli na ƙarshe ba.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? Saboda sandunan roban kaɗai, e, ta biya, kuma zan ba mai babur shawarar ya nemi ƙaramin kwali mai su zalla, ya bar mai tarkace da yawa. Abin da ya rage ya sa a sukundireba ta JIS, sannan ya nemi maɓallai da danƙon notoci na ainihin babur ɗinsa da lambarsu tun kafin ya fara kwancewa, domin danƙon da ya tsufa yakan riƙa juyawa tare da notin, ko ya yage a fitowa, kuma babu abin da zai maye gurbinsa a cikin wannan kwali.