Takalmin Nike Zoom Freak 1 na Giannis: Wa Ya Dace Da Shi?

Kamfanin Nike ya fito da takalmin Zoom Freak 1 a shekarar 2019, wato shekarar da Giannis Antetokounmpo ya fara lashe kyautar gwarzon ɗan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma duk wanda ya san yadda wannan ɗan wasan gaba yake wasa zai gane cewa da salonsa aka auna takalmin. Giannis, mai tsawon mita 2.11, bai yi suna da jifa daga nesa ba. Da dogon taku yake ratsa masu tsaron gida, ya taka burki da dunduniya, ya kauce gefe, sannan ya danna ƙwallo cikin kwando. Shi ya sa aka ɗora jakunkunan iska biyu na Zoom Air, ɗaya a kan ɗaya, a ƙarƙashin dunduniyar takalmin, kuma a nan ne ƙarfinsa yake: idan mutum ya dira da nauyinsa, gwiwa ba ta jin jijjigar sosai.

Gaban tafin kuwa babu iskar, soso ne kawai. Wannan yana sa ƙafa ta kusanci ƙasa, abin da ke taimakawa wajen saurin juyawa, amma mai yawan tsalle a kan yatsu zai so a ce an ƙara masa laushi a wurin. A ganina wannan ne babban gibin takalmin. Haka kuma zanen da ke ƙasansa siriri ne, an yi shi domin filin katako na cikin ɗaki, don haka wanda filin siminti ne wurin atisayensa, kamar yadda yake ga yawancin matasanmu, ya sani cewa ba zai daɗe ba zai fara suɗewa. Mai faɗin ƙafa kuma ya gwada kafin ya biya kuɗi, domin yana ɗan matsewa.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya yana jikin takalmin ne. An rubuta sunayen iyayen Giannis, Charles da Veronica, da na 'yan'uwansa. Iyayen daga Legas suka yi ƙaura zuwa Girka, inda aka haife shi a birnin Atens a 1994, ya tashi yana tallar agoguna da tabarau a bakin titi, har akwai lokacin da takalmin wasa ɗaya suke karɓa-karɓa da yayansa Thanasis. Mahaifin ya rasu a 2017, bai ga fitowar takalmin ba, bai kuma ga daren 2021 da ɗansa ya ci maki 50 a karo na shida na wasannin ƙarshe na NBA da ƙungiyar Phoenix Suns ba, daren da ƙungiyar Milwaukee Bucks, wadda ta ɗauke shi a matsayi na 15 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2013, ta ɗauki kofinta na farko tun 1971.

Dala 120 aka sa wa takalmin lokacin fitowarsa, ƙasa da kuɗin takalman wasu manyan taurarin Nike, kuma hakan ya dace da tarihin mai shi. Yanzu da sababbin samfura suka biyo bayansa, an fi samunsa a hannun masu sayar da tsofaffin kaya, inda jabu ya yi yawa, saboda haka a duba ɗinki da lambar da ke cikinsa da kyau. Ga ɗan wasa mai jiki wanda ke kutsawa zuwa kwando a filin katako, ina ba da shawarar sayensa ba tare da shakka ba.