Gargaɗi ga mata masu PCOS: ku yi hattara da masu sayar da "maganin Yunani" a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Wallahi na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na rubuta, amma jiya na sake cin karo da bidiyon matar da ta yaudari ƙanwata da maganin bogi a TikTok, ta canza suna tana tallan abu ɗaya, sai na ce shiruna zai iya jawo wa wata abin da ya samu ƙanwata.

Ƙanwata shekararta huɗu da aure ba haihuwa, al'adarta sai ta yi wata uku huɗu ba ta zo ba, ga gashi a haɓa ga ƙuraje, likitan mata ya yi mata sikanin da gwajin jini ya ce PCOS ne, wato matsalar rikicewar sinadaran jikin mace da ke hana sakin ƙwai a kan lokaci, ya ɗora ta kan metformin, maganin daidaita suga, ya ce ta rage ƙiba tukunna sannan a zo maganar maganin sakin ƙwai. To kun san gorin dangin miji, kullum ana yi mata habaicin kishiya, haƙuri ya ƙare mata. A nan ta faɗa hannun wata mai kiran kanta hakima, wai a Indiya ta karanto maganin Yunani irin na su Ibn Sina. Ta ce a turo hoton sikanin ta WhatsApp, ko minti goma ba a yi ba ta dawo da murya mai taushi, ƙanwata kar ki damu, ƙullutai ne suka cika miki mahaifa, kwana 21 za su narke su fita. Naira dubu 85, wani gari a leda, ruwa baƙi a jarka, ba suna ba kwanan wata ba komai. Kuma ta ce lallai a ajiye maganin asibiti don wai yana karya nata.

Jama'a tun daga nan ƙaryar ta fito, mu ne ba mu sani ba. Abin da ake gani a sikanin mai PCOS ba a mahaifa yake ba ma, a ma'ajiyar ƙwai yake, kuma ƙananan jakunkunan ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya ba su nuna ba saboda sinadaran jiki sun rikice, na maza ya yi yawa, galibi kuma jiki ba ya jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga, yadda ya kamata. Babu wani abu da zai narke ya biyo jini ya fito. Hoton sikanin shi kaɗai ma ba ya isa a yanke hukunci, tun 2003 da masana suka zauna a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ƙa'idar ita ce a samu biyu cikin alamu uku, wato rikicewar al'ada, alamun yawan sinadarin maza, da abin da sikanin ya nuna, a kuma tabbatar ba wata cutar ba ce kamar ta thyroid da ke maƙoshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa ƙarara cewa ba a warkewa daga PCOS gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi, kuma mata da yawa suna haihuwa da shi lafiya lau.

Sati biyu da fara sha jini ya ɓalle mata da gudaji, ta kira a tsorace, matar ta ce Alhamdulillah Hajiya ai ƙullutan ne ke fita, a ƙara kwas na biyu dubu 60. Aka tura. Zuwa wata na biyu fuskarta ta kumbura ta yi fam, ci kamar me, ƙishirwa da fitsari ba dare ba rana. Ranar da jiri ya kayar da ita a kicin muka kwashe ta sai asibiti, suga ya hau sosai jini ya yi ƙasa. Likita ya ce yana zargin an cakuɗa garin da irin ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe, ya kuma ja mana kunne cewa irinsu ba a yanke su lokaci guda, a hankali ake janyewa. Da muka nemi matar mu ji me ta zuba a ciki sai ta yi bulokin ɗinmu duka, har lambar mijin.

Ni ba na zagin maganin Yunani, don Allah a fahimce ni. Ilimi ne mai asali, daga su Buƙrat da Jalinus, likitocin Girkawa na da, malaman Musulmi suka raya shi, Ibn Sina ya kammala littafinsa na likitanci Al-Ƙanun a 1025. Sun gina shi kan ruwaye huɗu na jiki, jini, majina, safra da sauda, kuma hakimi na gaske sai ya ga mutum ido da ido, ya taɓa bugun jijiya, ya tambayi ci da barci. A Indiya digiri ne na shekara biyar da rabi ana kiransa BUMS, ƙarƙashin AYUSH, ma'aikatar maganin gargajiya ta ƙasar, da rajista da lasisi. Wadda ta yi wannan karatun ba za ta ji haushi don kin ce ta nuna takarda ba. Tamu da aka tambaye ta cewa ta yi rashin yarda ke hana magani ci.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda take jawo habbatus sauda da zuma da hulba cikin zance, ta haɗa da salati, sai ki ji kamar in kin yi shakka imaninki ne ya yi rauni. Habbar gaskiya ce, amma waye ya san abin da aka niƙa tare da ita a ledar da ba ta da rubutu?

In za ki sayi maganin gargajiya ki duba lambar NAFDAC, wadda ta ƙare da harafin L tana nufin an duba ba ya cutarwa ne kawai, ba a tabbatar yana warkarwa ba. Ki kai wa likitanki ya gani kafin ki sha, kar ki ajiye metformin ko letrozole, maganin sakin ƙwai, don wata ta ce. Wadda al'adarta ke wuce wata uku ba ta zo ba ma ta je asibiti, barin ta haka yana da haɗari ga bangon mahaifa.

Ƙanwata ta koma kan maganinta, suga ya fara sauka, tana tattaki kullum bayan asuba. Matar kuwa yanzu kwalabe masu tambari take nunawa da farar riga irin ta likitoci, amma muryar ita ce, alƙawarin kwana 21 ɗin ma bai canza ba. Mun kai ƙorafi da risit ɗin tura kuɗin da sauran garin, duk wadda ta taɓa tura mata kuɗi ta adana nata risit ɗin kar ta goge hirar.