Saita jitar ƙarfe: da na'ura ko da kunne?

Jitar da ake kwantarwa a goga mata sandar ƙarfe, wadda ta samo asali daga Hawayi, ba ta yafe wa tsirkiyar da ta goce. Mai feda, wato matakan da ake dannawa da ƙafa don sauya sautin tsirkiya, irin wadda Demola Adepoju ya kaɗa a ƙungiyar King Sunny Ade, yawanci tsirkiya 10 gare ta a tsarin saiti da ake kira E9, kuma kowace feda sai an daidaita ta daban.

Na'urar auna sauti akwai sauri. Ka ɗora ta a kan 440, ma'aunin sauti da aka saba, ka bi allurar da ke nuna ko tsirkiya ta daidaita, ko ana hayaniyar biki ba ruwanta. Sai dai tana raba tazarar sautuka daidai wa daida irin na fiyano, shi ya sa sautin G#, in an haɗa shi da sautin E, ke hawa sama da inda kunne yake so da kusan senti 14 (senti ƙaramin ma'aunin tazarar sauti ne).

Kunne kuwa sai da haƙuri. Ka bugi E da G# tare, za ka ji sautin yana rawa kamar mai jin sanyi. Ka riƙa sassauta G# a hankali har rawar ta lafa. Daɗin da ke fitowa nan, na'ura mai araha ba ta kai shi. Amma fa idan mai fiyano ya shigo, sai kun ɗan saɓa.

Ni dai E kaɗai nake karɓa daga na'ura, sauran na bar wa kunne.