Dogon hanci ko sauya farfela: wanne zai ƙara wa Yamaha 40 gudu?

Ɗan'uwanmu da ke jigilar mutane da buhuna a tafkin Kainji ya ce ya ga Turawan Amurka suna liƙa wa ƙafar injin jirgin ruwa, wato ɓangaren da ke nutse cikin ruwa mai ɗauke da farfela, wani dogon hanci na alminiyam, wai don gudu. Yana tambaya: ya yi wa injin kwale-kwalensa, Yamaha Enduro 40, haka, ko ya sauya farfela kawai?

Malam, sauya farfela. Amma bari mu jera su biyun ka ga dalili.

Hancin nan masu tsere aka yi wa. Idan jirgi ya wuce kilomita 100 a awa, ruwa yakan daina bin jikin akwatin giya, iska ta samu hanya ta isa farfela, farfelar ta saki ruwa farat ɗaya, jirgin ya karkace. Tsawaita gaban akwatin da tsini shi ke jinkirta wannan. Mercury ma, kamfanin ƙera injinan jirgin ruwa, ta ƙera ƙafarta mai suna Sport Master ne don jiragen da ke haura mil 85 (wajen kilomita 137) a awa. To kwale-kwalen katako mai ɗauke da buhunan shinkafa ina shi ina wannan gudu? A ƙaramin gudu, hancin ƙarin jiki ne da ruwa zai goga, sai ma ya ɗan rage maka tafiya.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. Yawancin irin hancin nan suna mayar da ramukan shan ruwan sanyaya inji zuwa can ƙasa, don a samu ɗaga inji sama. A ruwa mai zurfi da tsabta ba laifi. Kai kuwa kullum kana ƙafe jirgi a gaɓa mai yashi da laka, ga kainuwa. Ramin da ke ƙasa shi zai fara shan yashi, yashi ya cinye robar famfon ruwa, fitsarin inji, wato siririn ruwan da yake fesowa in famfo na aiki, ya tsaya, inji ya yi zafi a tsakiyar tafki da mutane a ciki. Ga shi hancin da gam ake liƙa shi, a cike, a goge. Idan ya kauce daga tsakiya ko kaɗan, sitiyari zai riƙa ja gefe ɗaya.

Farfela fa? Duba jikinta za ka ga lamba, misali 11 1/8 x 13. Ta farko faɗinta ce a inci, ta biyu kuma nisan da za ta tura jirgi a juyi ɗaya in da ruwa ba ya zamewa. Yamaha ta tsara injin nan ya yi juyi 4500 zuwa 5500 a minti idan an buɗe maƙura duka. Kowane inci ɗaya da ka rage a lamba ta biyu yana ƙara juyi wajen 150 zuwa 200. Idan da kaya injinka na nishi bai kai 4500 ba, farfelar ta yi masa nauyi, kamar babbar mota ce ke hawan tudu da giya ta ƙarshe. Sauka daga 13 zuwa 11, jirgi zai tashi da sauri, inji ya huta. Mutane da yawa suna yin akasin haka, su sa mai babbar lamba suna zaton gudu ne, sai inji ya riƙa shan mai yana tara baƙi a fulogi.

Wajen kuɗi da komawa baya ma ba su haɗu ba. Farfela noti ɗaya ce da fil, in ba ta yi ba ka mayar da tsohuwar. Hanci kuwa in an liƙa, an huda, shi ke nan.

Za a ce maka ka sayi farfela ta ƙarfe marar tsatsa. Gaskiya ne ganyenta ya fi siriri kuma ba ya saurin lanƙwasa. Sai dai tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kututturan itatuwa suke kwance ƙarƙashin ruwan nan. Ta alminiyam in ta daki kututture ita ke karyewa, ta ƙarfe kuwa tana iya miƙa dukan ga sandar farfela da haƙoran giya. Ni ta alminiyam zan riƙe, da wata a ajiye cikin jirgi.

Kafin ka kashe ko sisi, duba tsayin da aka ɗaura injin. Farantin da ke saman farfela ya kamata ya yi daidai da gindin jirgi, ko ya sauka da bai wuce milimita 25 ba. In ya nutse fiye da haka, ƙafar ce ke jan ruwa a banza, kuma katako ɗaya a mazaunin inji ya isa ya gyara. Ka cire farfela ka duba ko zaren raga ya naɗe sanda, don shi ke yanka robar da ke tare man giya. In man ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga.

Daga nan ka ari agogon auna juyi wajen makaniki, ka loda kayan da ka saba ɗauka, ka buɗe maƙura a ruwa mai kwanciya. Lambar da ka gani da wadda ke jikin farfelarka, turo mana su, sai mu gaya maka wadda za ka saya.