Saiwar furen airis da na yi oda: sai a shekara ta biyu na ga fure

Na daɗe ina so in rubuta wannan sharhin amma na ce bari in ga ƙarshen abin tukuna. Saiwar airis guda 6 na yi oda ta intanet, irin mai gemu ɗin nan, wanda furensa ke da kunnuwa uku a tsaye uku sun rusuna, a kan rusunannun kuma akwai ɗan gashi-gashi, shi ne gemun. Da kwalin ya iso na buɗe gabana sai da ya faɗi, wasu busassun saiwoyi ne masu kauri an datse musu ganye kamar mafici, wallahi na ɗauka an damfare ni. Ashe haka ake turo su, da ransu. Ɗaya ce dai ta zo da laushi tana wari, na tura musu hoto suka mayar min da kuɗinta ba gardama, nan kam sun kyauta.

Sauran matsalar ni na jawo. Akwai 'yar takarda a kwalin da ta ce kar a binne saiwar duka, a bar bayanta a waje rana na dukanta, ni kuwa na ce ina aka taɓa shuka abu a bar shi tsirara, na tona rami na tura su can ciki na zuba taki na kama ban ruwa safe da yamma saboda tsabar so. Ganye kam ya fito, dogaye kamar takubba, amma fure ko ɗaya, kuma biyu suka fara ruɓewa daga gindi, warin ba ya daɗi ko kaɗan. Ɗaya ta tafi, ɗayar na ceto ta, na yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa na bar ta ta sha iska ta bushe.

Daga nan na bi takardar sau da ƙafa. Na tone su duka na mayar inda rana ke kai awa 6 ko fiye, na haɗa ƙasar da yashi na ɗan ɗaga ta kamar kunya don kar ruwa ya kwanta, tazarar santimita 40 tsakaninsu, ƙananan jijiyoyin a cikin ƙasa bayan saiwar a sarari. Ruwa sai ƙasa ta bushe. Taki kuma na koma na zamani mai lamba 5-10-10, wato mai ƙarancin sinadarin naitirojin, don naitirojin in ya yi yawa ganye kawai yake ƙarawa ya kuma jawo ruɓa.

Ranar da ta farko ta buɗe na fi minti goma a tsaye da silifas ina kallo. Shunayya ce mai duhu, in ka taɓa kamar karan-miski, gemun ruwan ɗorawa, ga ɗan ƙamshi mai sanyi. An ce sunan daga kalmar bakan gizo ta Girkanci ya samo asali, ban yi mamaki ba.

Abin da bai min ba, furen ba ya daɗewa, kowanne 'yan kwanaki ne ya yanƙwane, duka-duka sati biyu zuwa uku an gama sai baɗi. Sannan wadda aka rubuta wa fara ita ma shunayya ta fito, wannan kuskurensu ne. Kuma ba su faɗa ba cewa irin mai gemu yana son ya samu lokacin sanyi ya huta, mai zama inda zafi ba ya sauka ya bincika kafin ya saya, haka mai kyanwa ko kare, saiwar guba ce gare su.

Tauraro 4 na ba su. Yanzu guda huɗun sun yi 'ya'ya a gefe, kuma su ne za su yi furen gaba don uwar sau ɗaya take yi, in sun cika shekara 3 ko 4 zan tone in raba, maƙwabciyata har ta riga ta kama layi.