Biya da Kati ko Tura Kuɗi ta Banki: Wanne Ya Fi wa Ƙaramin Ɗan Kasuwa?

Ɗan kasuwar da ke sayar da atamfa ko turare ta shafinsa na intanet yana da hanyoyi biyu na karɓar kuɗi: ko ya rubuta lambar asusunsa domin a tura masa, ko ya haɗa shafin da kamfanin da ke karɓar biya da kati, irin su Paystack da Flutterwave.

Tura kuɗi ta banki kusan ba ya cin mai kaya komai, kuma yawanci kuɗin kan shiga nan take. Sai dai dole ya duba asusunsa da idonsa kafin ya saki kaya, domin 'yan damfara sun ƙware wajen aiko da saƙon shigar kuɗi na bogi, kuma idan ciniki ya kankama, tantance wanda ya biya yakan cinye masa yini.

Kati kuwa yana da caji. Paystack, wanda aka kafa a 2015 kuma kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020, yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a katunan cikin gida, amma cajin ba ya wuce naira 2,000, kuma kuɗin sai ranar aiki ta gaba yake isa asusu. A ganina wannan caji bai yi yawa ba ga mai ciniki da yawa, domin shafin ne da kansa yake tabbatar da biyan ko da tsakar dare, kuma idan aka buɗe karɓar katunan ƙetare, mai saye daga Landan ko Jidda zai iya biya da Visa ko Mastercard, ko da yake cajinsu ya fi na gida.